Bangon da Ke Kururuwa: Abin da Ke Faruwa a Ƙasan Kwandon Tumatir

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, daidai Rigachikun, a lokacin da ake sauke kwandunan tumatir cikin zafin bazara, ya san kwando ɗaya kasuwa biyu ne. Na sama ja ne jawur, ga tauri ga sheƙi, shi ake kasawa kashi-kashi a yi masa kuɗi. Na ƙasa kuwa, wanda ya sha nauyin 'yan'uwansa da tsinin kwando tun daga lambu, ya riga ya saki jiki. Fata ta tsage, ruwa na tsiyaya ta gindin kwandon, ƙudaje sun yi masa caa. Mai kaya zai zura hannu ya tsamo guda, ya dagargaje masa a yatsu, sai ya wurga shi cikin bokitin da ke gefe, ya dubi matar da ke jira.

"Hajiya, wannan na miyar yau ne. Kada ki bari ya kwana."

Ya san abin da yake faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, mene ne ainihin abin da ya narke? Ba tsutsa ce ta cinye tumatirin ba. Naman yana nan, 'ya'yan suna nan. Abin da ya tafi shi ne wanda ke riƙe da naman wuri ɗaya. Masana suna kiransa fektin, kuma cikin shekaru 40 da 'yan kai sun gano cewa aikinsa bai tsaya ga riƙo ba. Idan ya tsage, tarkacensa na cikin abubuwan da ke fara sanar da shuka cewa an shigo mata gida.

Jikin kowace shuka gini ne na ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Robert Hooke, mutumin Ingila, shi ya fara zana su a 1665 bayan ya duba yankin ɓawon wata bishiya, ya kuma laƙaba musu sunan da ke nufin ɗan ɗaki, wato sel. Kowane ɗaki da bangonsa. A cikin bangon akwai zaruruwa masu ƙarfi na selulos, abin da zaren auduga ya ƙunsa kusan zalla, su ne a matsayin azara. Tsakanin zaruruwan nan, da kuma tsakanin ɗaki da maƙwabcinsa, akwai wani abu mai danƙo mai riƙe ruwa, kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar da magini ke sawa tsakanin tubali da tubali. Shi ne fektin. A tumatir, wake, tattasai da dangoginsu yakan kai kusan kashi 1 cikin 3 na bangon ɗaki mai tasowa. A dangin ciyawa, irin su masara, dawa, gero da shinkafa, bai cika haura kashi 10 cikin 100 ba.

Wani masanin sinadarai na birnin Nancy a Faransa, Henri Braconnot, shi ya raɗa masa suna a 1825, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ya daskare. Amma Bahaushiya ta daɗe da saninsa a tukunya. Yauƙin kuɓewa, wanda ke bin ludayi kamar igiya, wani nau'in fektin ne mai rassa da yawa. Farin nan da mai lemo ke bari bayan ya fere ɓawon yana cikin abubuwan da suka fi ƙunsarsa, kuma daga ɓawon lemo da tuffa ne masana'antun ƙasashen waje ke tace wanda ake sawa a abincin gwangwani don ya yi kauri.

Mafi yawan fektin doguwar sarƙa ce ta wani sukari mai tsami da ake kira galakturonik, jere reras kamar carbi. A lokacin da ɗaki ya ƙera sarƙar ya tura ta bango, yawancin ƙwayoyin carbin suna sanye da 'yar hula, wadda masana ke kira metil. Muddin hulunan na nan, sarƙoƙi biyu ba sa kama juna sosai. Sai wani inzayim, wato furotin mai aikin yanka ko kwancewa, ya bi yana tuɓe su. Inda aka tuɓe da yawa a jere, kalsiyam ya samu wurin zama, ya shiga tsakanin sarƙa da sarƙa ya ɗaure su tamau. Masanan Ingila da suka bayyana wannan tsari a 1973 sun kwatanta shi da ƙwai a cikin kiret: kalsiyam ne ƙwan, sarƙoƙin biyu su ne kwalin sama da na ƙasa. Sai dai kan da aka tuɓe wa hula shi ne wuƙar maƙiyi, wato inzayim ɗin ƙwayar cuta mai yanka fektin, ta fi saurin kamawa. Ƙarfin bangon da rauninsa daga wuri ɗaya suke fitowa.

Duk macen da ta taɓa fama da tsohon wake ta ga wannan da idonta. Waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yakan ƙi nuna, gawayi ya ƙare yana nan da ƙarfinsa. Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne, a lokacin ajiyar kalsiyam ya ƙara ɗaure fektin ɗin da ke tsakanin ɗakunan ƙwayar. Da an jefa 'yar kanwa, sai gishirinta ya ture kalsiyam daga mazauninsa, kaifinta kuma ya taimaki zafi ya tsittsinka sarƙar, wake ya yi luguf.

Abin da kanwa ke yi a tukunya, shi ƙwayoyin cuta ke yi a gona da nasu kayan aikin. A 1886 Anton de Bary, Bajamushe, ya matse ruwan kayan lambun da wata fumfuna ta ruɓar, ya zuba wa lafiyayyen nama. Naman ya wargaje ɗaki-ɗaki, alhali babu fumfunar a ciki. Da ya tafasa ruwan kafin ya zuba, sai aikin ya mutu. Ke nan fumfunar wani abu take tofarwa wanda ke narkar da gini kafin ita ta iso. A 1901 kuma L. R. Jones na jihar Vermont a Amurka ya gano bakteriyar da ke mayar da karas ruwa. Daga baya aka sa wa danginta suna Pectobacterium, don sana'arsu ke nan, cin fektin. Ita da 'yan'uwanta ne ke sa albasa, dankalin Turawa, kabeji, tattasai da tumatir su yi laushin nan mai ɗoyi. Ba ta iya huda lafiyayyar fata. Sai ta samu kafa, ko yankan wuƙa, ko hudar tsutsa, ko tsinin kwando.

An daɗe ana ɗaukar bangon a matsayin ganuwa kawai: in ta yi kauri gari ya tsira, in ta faɗi a ci gari. Tumatir ne ya fara rusa wannan tunani. A 1972 Clarence Ryan da abokin aikinsa a Jami'ar Jihar Washington suka saki wani ƙwaro mai cin ganyen dankali a kan shukar tumatir. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ganyayen da ƙwaron bai ko taɓa ba suka cika da wani furotin mai hana cikin ƙwari narkar da abinci. Shukar ta ji ciwo a wuri ɗaya, ta shirya a ko'ina. Ryan ya shiga neman abin da ke kai labarin. A 1981 ɗakin bincikensa ya ba da rahoton cewa gutsattsarin bangon ɗaki, na fektin, yana iya tayar da wannan shiri. A shekarar dai, can Jami'ar Colorado, Peter Albersheim da abokan aikinsa suka ɗiga gutsattsarin bangon waken soya a kan yankakken waken soya, sai ga shi yana ƙera gubar da yake yaƙar fumfuna da ita. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a wurin. Tarkacen gidansa kawai aka nuna masa.

Wannan ne jigon al'amarin. Shuka ba ta da ido, ba ta da jijiyar jin zafi, kuma maƙiyanta dubbai ne, ba za ta iya haddace fuskar kowa ba. Amma duk wanda zai shiga sai ya fasa bango, kuma fasasshen bango kamanninsa ɗaya ne ko wa ya fasa. Mai gida ba ya buƙatar sanin sunan ɓarawo in ya ji ƙasa na zubowa daga katanga da tsakar dare.

Ba kowane gutsure ne ke tayar da gida ba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa wanda ya fi ƙarfi shi ne mai ƙwayoyin carbi 10 zuwa 15, mara huluna, wanda kalsiyam zai iya haɗa biyu-biyu. Doguwar sarƙa da ke zaune lafiya a bango ba ta cewa komai. Wadda aka niƙe ta koma ƙwaya 2 ko 3 kuma muryarta ta dusashe. Idan masu matsakaicin tsayin nan suka taɓa fatar ɗaki, cikin 'yan mintoci kalsiyam yake kwarara ciki, ɗakin ya feso wani ruwa mai ƙuna, irin wanda ake wanke ciwo da shi a kemis yana kumfa. Cikin sa'o'i kuma ana liƙe tsagar da wani sabon abin toshi, a ƙarfafa bangon da sinadarin da ke sa itace tauri, a kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu ƙera guba.

Sai dai kururuwar ba ta nisa. A 1985 wasu masana biyu, Baydoun da Fry, suka sa wa fektin alama suka ɗora a raunin ganyen tumatir, suka ga bai motsa daga wurin ba. Ihu ne na unguwa, maƙwabtan kusa kaɗai ke ji. Masu hannu a kai labari sauran ganyaye wasu ne daban, kuma sai a 1991 Ryan ya kama ɗaya daga cikinsu: ɗan ƙaramin furotin da ya kira sistemin, wanda ke aiki tare da wani sinadarin gargaɗi mai suna jasmonet.

Manomin da ya ga 2016 yana da damar ya yi tsaki a nan. A shekarar ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano da Kaduna suka laƙaba wa Sharon, ta share lambuna, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a watan Mayu, masana'antar Dangote da ke Kadawa kuma ta tsaya don rashin abin sarrafawa, 'yan makonni bayan buɗe ta. Ina kururuwar take a lokacin? Tana nan, an yi ta. Amma Sharon daga Kudancin Amurka ta fito, gida ɗaya da tumatir, ta shafe zamani mai tsawo tana koyon zama da gubarsa. Tana shiga tsakiyar ganye ta yi rami, inda feshi ba ya kai mata sosai, kuma kowace kafa da ta huda a 'ya'yan ƙofa ce ga masu cin fektin. Jin motsin ɓarawo daban, iya kama shi daban.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne kokawar da ake yi a kan girman gutsuren. Fumfuna tana so ta niƙe sarƙar da sauri ta koma gari, don garin abincinta ne kuma ba ya ihu. Shuka kuwa tana da wani furotin zaune a bango, wanda Albersheim da Anderson suka fara ganowa a 1971, aikinsa ya cafke wuƙar fumfuna. Masanan Jami'ar Sapienza ta birnin Rum, Felice Cervone da Giulia De Lorenzo, su suka lura cewa cafkewar ba ta kashe wuƙar gaba ɗaya, dakushe ta take yi. Dakusasshiyar wuƙa tana yanka a hankali, sai gutsattsari masu tsayi 10 zuwa 15 su taru su daɗe. Wato shukar ta bar maƙiyi ya ci gaba da sara, amma ta tilasta masa yin saran da za a ji. A shekarar 2000 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka ɗauko wannan furotin daga wani ɗan itacen ƙasashen sanyi dangin tuffa suka sa wa tumatir, tabon fumfunar Botrytis ya ragu a ganye da 'ya'ya.

Bakteriyar laushi ita kuma dabarar haƙuri ta ɗauka. A 1993 ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Suwidin, suka gano cewa ba ta zare wuƙaƙenta tana 'yar kaɗan. Kowace ƙwaya tana fitar da wani ɗan sinadari, kamar mai ƙidayar kai. Suna hayayyafa shiru a cikin rauni, sai sinadarin ya taru ya kai wani mizani, sannan gaba ɗayansu su saki inzayim lokaci guda. Kafin shuka ta gama jin kururuwa an cika mata gida. An gwada yaudararsu ta hanyar sa shuka ta riƙa fitar da sinadarin ƙidayar da kanta, don su fito tun ba su yi yawa ba. A ganyen taba dabarar ta yi aiki, a dankalin Turawa kuma sai ta ƙara ɓarna. Abin dariyar, ita ma bakteriyar tarkacen fektin take saurare: da ta ɗanɗana shi sai ta ƙara yawan wuƙaƙen da take ƙerawa. Mai gida da ɓarawo alama ɗaya suke karantawa.

Yanzu a koma gindin kwandon nan na Rigachikun. Akwai rauni daga tsini da matsi. Akwai zafi, wanda ke hanzarta hayayyafar bakteriya. Akwai ruwan da ya lulluɓe 'ya'yan ya hana su shan iska, alhali feshin ƙunar nan na shuka sai da iska, bakteriyar kuwa tana iya rayuwa ba tare da ita ba. Ruwan da ya tsiyayo daga ruɓaɓɓe ɗaya kuma ɗauke yake da bakteriya da wuƙaƙenta zuwa na kusa. In motar Legas ce, kwana da kwanaki za a yi a haka kafin a kai kasuwar Mile 12.

Mai karatu zai ce, to me zai hana a bar kururuwar a kunne kullum? An gwada. A 2015 masanan Rum suka haɗa wuƙar fumfuna da furotin mai dakushe ta suka zama abu ɗaya, suka dasa a jikin Arabidopsis, wata 'yar ciyawa dangin kabeji wadda ita ce zakaran gwajin dafin masana tsirrai. Shukar ta koma tana yanka bangonta da kanta. In an kunna kaɗan, takan jure wa fumfuna da bakteriya. In an ƙure, sai ta tsumbure, ganye ya canza launi, har ta mutu. Gutsattsarin fektin yana danne aikin sinadarin da ke sa shuka tsayi. Garin da kowa ya kwana riƙe da gora ba a zuwa gona da safe. Shi ya sa shuka take da wani inzayim, wanda aka bayyana a 2018, mai bi yana toshe bakin gutsattsarin idan ƙura ta lafa.

Hulunan da ake tuɓewa ma ba a banza suke tafiya ba. Kowace hula tana zama metanol, ta tashi a iska. Wani bincike na masanan Rasha a 2012 ya nuna cewa tabar da aka ji wa rauni tana fitar da metanol da yawa, kuma maƙwabtanta da suka shaƙa sun ƙara juriya ga bakteriyar Ralstonia, mai sa tumatir ya yi yaushi farat ɗaya yana kore. Amma kafofin da ke tsakanin ɗakunansu sun buɗe, bairos ya samu sauƙin yawo. An toshe ƙofa, an buɗe taga.

Akwai tambayar da har yanzu ake cacar baki a kanta: da wane kunne shuka ke jin kururuwar? An daɗe ana nuna wani furotin mai suna WAK, wanda ƙafarsa ke cikin ɗaki, hannunsa na riƙe da fektin a bango. A 2005 masana a Namur ta ƙasar Beljiyam suka nuna yana kama gutsattsarin, a 2010 masanan Rum suka ce shi ne kunnen, littattafan makaranta suka ɗauka. Sai a 2024 ɗakin binciken Cyril Zipfel na Jami'ar Zurich ya yi amfani da fasahar yanke ƙwayoyin gado ya cire duka WAK guda 5 na Arabidopsis. Aka ɗiga mata gutsattsarin fektin, ta amsa kamar ba a cire komai ba. Shekara 14 ana koyar da abu, gwaji ɗaya ya mayar da shi teburin muhawara. Ba abin kunya ba ne, amma ya kamata ya sa duk mai tallar wani sabon sirri a kan lamarin ya sassauta murya.

Hakan bai mayar da WAK abin banza ba, kuma a hatsi ne ya fi nuna kansa, duk da ƙarancin fektin ɗinsu. A 2015 aka gano cewa ƙwayar gadon Htn1, wadda masu kiwon iri suka daɗe suna amfani da ita wajen kare masara daga cutar ƙonewar ganye, 'yar wannan dangi ce, asalinta daga wata tsohuwar masarar manoman Meziko. A shekarar kuma masanan Sin suka gano wata 'yar dangin da ke kare masara daga cutar da ke mayar da kai baƙin gari. Ƙuduji ma, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ta bango yake shiga: yana manna bakinsa a saiwar dawa ko masara ya kutsa tsakanin ɗakuna, kuma an nuna cewa tsirran da ke wannan sana'a suna amfani da inzayim masu sassauta fektin. Masu kiwon iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun fitar da wasu nau'o'in SAMMAZ masu jure ƙuduji ta hanyar zaɓe a fili, shekara bayan shekara. Ba su jira an gama gardamar kunne ba.

Ba ƙwayar cuta kaɗai ke taɓa bango ba. A filayen noman rani, inda ruwa ke ƙafewa ya bar gishiri a ƙasa, gishirin yana ture kalsiyam daga kiret kamar yadda kanwa ke yi wa wake, bangon saiwa ya yi laushi. A 2018 José Dinneny da abokan aikinsa a Cibiyar Carnegie da ke Stanford suka nuna cewa wani furotin mai suna FERONIA, wanda shi ma yake kama fektin, shi ke lura da wannan laushi ya sa a gyara. Saiwar da ba ta da shi, in ta sha gishiri ta fara ƙoƙarin ci gaba da girma, ɗakunanta fashewa suke yi. Da aka ƙara musu kalsiyam da boron, masu ɗaure fektin, fashewar ta ragu. A ƙasa mai tsami kuma, irin wadda ta daɗe tana shan takin zamani ba taki na gida, alminiyam ne ke narkewa ya maƙale a fektin ɗin bakin saiwa ya sandarar da shi, saiwa ta kasa tsawo.

Cikin irin wannan lahani, wanda manoman lambu suka fi sani shi ne baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin tumatir da tattasai tun suna kan uwa, busasshe kamar fata. Da yawa sukan ruga su sayo maganin feshi, alhali ba ƙwayar cuta ba ce. Kalsiyam ba ya tafiya a jikin shuka sai ya bi ruwa, ruwa kuma ya fi zuwa ganye, inda yake fita a iska. Ɗan tumatir ɗan rabo yake samu, gindinsa kuma shi ne ƙarshen layi. In tsadar fetur ta sa manomi ya kashe injin ban-ruwa kwana da kwanaki, sannan ya dawo ya malala, a daidai lokacin da 'ya'ya ke kumbura, ɗakunan gindin sukan rasa abin ɗaure bangonsu da fatarsu, su mutu. Yawan yuriya yana ƙara tsananta abin, don yana sa ganye ya yi yawa ya janye ruwan. Sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan cikin ƙasa, abin hawa ya rasa.

Saura abu ɗaya: me ya sa ɗanyen tumatir ke jure abin da nunanne ba ya jurewa? Saboda nunanne da kansa yake rushe gininsa. Da ya fara ja, sai ya shiga ƙera inzayim masu yanka fektin, don burin shukar shi ne wani ya ci ɗan ya watsa irin. Kamfanin Calgene na Davis ya toshe ɗaya daga cikin wuƙaƙen nan, ya fitar da tumatirin Flavr Savr a 1994, ɗan itace na farko da aka sauya wa ƙwayar gado aka sayar a kantunan Amurka. An rage wuƙar ƙwarai, amma tumatirin ya ci gaba da laushi kusan kamar kowa, a 1997 ya ɓace daga kasuwa. Ashe wuƙaƙen da yawa ne. A 2008 masanan Davis suka toshe waccan wuƙar tare da wani furotin mai sassauta bango, fumfunar Botrytis ta sha wuya kafin ta kama nunannen. A 2016 ɗakin binciken Graham Seymour na Jami'ar Nottingham ya toshe wata daban, aka samu tumatir mai daɗewa da tauri ba tare da launi ko ɗanɗano sun canza ba.

A gaskiya, kaɗan ne daga cikin wannan ilimi ya zama kayan da manomin ƙaramar hukumar Igabi zai saya a shago. A Turai akwai wani ruwan feshi da ya fito daga binciken Jami'ar Namur, haɗin gutsattsarin fektin da na ɓawon jatan lande, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015. Ba ya kashe komai, farkar da shuka yake yi kafin farar fumfunar ganye ta iso, kuma sai an maimaita shi. Kada wani ya ji haka ya jiƙa ɓawon lemo a randa ya ce ya haɗa magani: doguwar sarƙa ce a ciki, ba ta ihu. Abin da binciken ya fi tabbatarwa tsofaffin abubuwa ne da masu ba manoma shawara suka daɗe suna nanatawa. A tsinke tumatirin tafiya mai nisa tun yana fara ja, da sanyin safiya. A tsame mai rauni kafin a loda. A sa a kiret ɗin roba, wanda ke ɗaukar nauyin na sama a kan gefensa maimakon a kan 'ya'yan, iska kuma tana ratsa shi. Kiret yana da tsada, kuma sai an biya kuɗin dawo da shi fanko daga Kudu, shi ya sa kwando bai tafi ko'ina ba.

Masu sarrafa tumatirin gwangwani, sana'ar da kamfanin Tomato Jos ya kawo Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, su ma da wannan wuƙa suke tsere. Da an farfasa tumatir, inzayim ɗinsa ya haɗu da fektin ɗinsa ba shamaki, cikin ɗan lokaci ya tsittsinka shi. A masana'antun duniya, in ana son kauri, ana ɗumama shi kusa da tafasa a daidai lokacin da ake farfasa shi, don a kashe wuƙar kafin ta yi aiki.

Hajiyar nan da ta sayi na bokiti za ta ga haka a gidanta. Za ta zauna ta tsince, ta zubar da duk wanda ya yi fumfuna, don gubar wasu nau'o'in fumfuna ba ta mutuwa a tafasa, ta bar wanda matsi kawai ya fasa. In yaro ya dawo daga injin markaɗe ta ajiye robar ta shiga wani aikin, za ta tarar markaɗen ya rabu biyu, tsararon ruwa gefe, tsaki gefe. In kuwa ta juye shi a tukunya nan take ta hura wuta, miyar za ta kama jikinta.